Baba, Ina Amincin Allah Yake Ranar da Mijina Ya Rasu?

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shekarata 41, ina zaune a Anguwan Rukuba a nan Jos da yara huɗu. Mijina malamin makaranta ne, dattijon ikilisiya kuma. Hawan jini ya lalata masa ƙoda, muka shiga wankin ƙoda har muka sayar da filinmu da keken ɗinkina. Babu irin addu'ar da ba mu yi ba. Matan zumunta sun yi azumi, mun kwana a majami'a. Wata maƙwabciya ta kai ni wurin wani bawan Allah, ya ce an nuna masa mijina ba zai mutu ba, sai dai in shuka iri, wato in ba da kuɗi. Na ba shi sauran kuɗin filin. Bayan wata biyu mijina ya rasu. Da na koma wurinsa, sai ya ce bangaskiyata ce ta yi rauni. Dangin mijina kuma suna ta cewa ruwa ba ya tsami banza, ƙanensa har ya fara tambayar takardun gida.

Yau wata takwas ke nan. Ni ce mai ba da waƙa a zumunta, amma bakina ya mutu. In ana ba da shaida ranar Lahadi, wani ya tashi ya ce an warkar da shi, Allah mai aminci ne, sai in ji kamar in fita a guje. Ɗana na fari mai shekara 15 ya tambaye ni, "Mama, in Allah mai aminci ne, me ya sa ya ji addu'ar wasu bai ji tamu ba?" Na rasa ta cewa, domin ni ma tambayar da ke cina ke nan. Baba, zunubi ne fushin da nake yi da Allah? Ko da gaske rashin bangaskiyata ne ya kashe mijina?

'Yarka cikin Ubangiji, daga Anguwan Rukuba.

'Yata, sannu. Sannu da rashi, sannu kuma da ɗawainiyar da kika sha. Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran.

Tambayarki ta ƙarshe zan fara ɗauka, don ba na so ki sake kwana da ita. Ba ke kika kashe mijinki ba. Ciwon ƙoda ne ajalinsa. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma a ɓoye suke ɓarnar, mutum na ta harkarsa shekara da shekaru. Kafin ƙafa ta kumbura, amai ya fara, sau da yawa aikin gama ya gama. Injin wankin ƙoda kuwa ba ya warkar da ita, aikin da ta daina yi kawai yake karɓa, shi ya sa likitoci ke so a yi sau uku a mako, wajen awa huɗu kowane zama. Duk wanda ya taɓa jira a bakin ɗakin nan ya san yadda abin yake: majinyaci a kishingiɗe, jininsa na bin roba yana shiga inji yana dawowa, a waje kuma 'yan'uwa sun yi jugum a kan benci, kowa da waya a hannu yana tunanin wanda bai kira ba tukuna. Daga sau uku a koma sau ɗaya, daga sau ɗaya sai ranar da kuɗi ya samu. Ke kin sayar da fili, kin sayar da keken da kike ci da shi. Matar da ta yi haka ba a ce mata ta gaza.

Shi kuma wannan da kika kira bawan Allah, ni dai bakina ba zai kira shi haka ba. Tun a Maimaitawar Shari'a 18:22 aka ba mu ma'auni: in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji, abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, mutumin ne ya yi gaban kansa. Ya ce mijinki ba zai mutu ba, mijinki ya mutu. Magana ta ƙare. Ma'aunin bai ce a je a auna bangaskiyar matar mamaci ba. Ki lura da dabarar, don kada a yi wa wata a gabanki: in majinyaci ya tashi, yabon nasa ne, in ya mutu, laifin naki ne, ta ko'ina dai kuɗin na aljihunsa. Elisha ya warkar da Na'aman daga kuturta ya ƙi karɓar ko anini, Gehazi da ya bi baya ya karɓa, a kansa kuturtar ta sauka. Kuma Elishan nan da ya ta da ɗan matar Shunem daga mutuwa, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu, ki duba 2 Sarakuna 13:14. Bulus ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya. Wa zai ce bangaskiya ce ta yi musu kaɗan?

Ban ga laifinki ba da kika je. Mai neman ran mijinta, duk inda aka nuna mata za ta bi. Amma kada ki sake taka ƙofarsa, ko da sunan neman bayani.

Dangin mijinki masu cewa ruwa ba ya tsami banza, karatun abokan Ayuba suke maimaitawa ba su sani ba. Elifaz da Bildad da Zofar sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma shi ne kaɗai abin kirkin da suka yi. Da suka buɗe baki sai lissafi: Allah mai adalci ne, kai kana shan wuya, ashe akwai abin da ka ɓoye. A sura ta 42 Allah ya ce ya husata da su, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa ke nan fa. A Luka 13 kuma Yesu da kansa ya ɗauko labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya tambaya ko sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne, ya kuma ba da amsa: a'a.

Mu mutanen Jos ai ba sai an kai mu Siluwam ba. Ranar 20 ga Mayu, 2014, bama-bamai biyu suka tashi a kasuwar Terminus, fiye da mutum 100 suka mutu, har da waɗanda suka ruga ceto bayan na farkon, na biyu ya same su. Unguwarku kanta ta ga nata a jajibirin Kirsimetin 2010. Kin san yadda shaida ke yawa bayan irin waɗannan ranaku: ni da ina wurin sai aka kira ni a waya, ni keke ne ya lalace da mu a hanya. Gaskiya suke faɗa, ya kuma kamata su gode. Amma matar da ta mutu a gaban tiren tumatirinta, ita ma ta yi addu'a da asuba kafin ta fito. Ba ta nan ne kawai da za ta tashi ta ba da tata shaidar.

Abin da ke korar ki daga majami'a ranar Lahadi ke nan, kuma wani kaso na laifin yana wuyan masu tsayawa a bagadi. An saba wa jama'a da shaida iri ɗaya: an warke, an samu aiki, biza ta fito, an haihu bayan dogon jira, sai kowa ya amsa, Allah mai aminci ne. Ba ƙarya ba ne. Amma in kullum a nan kaɗai ake ambatar amincin Allah, yaro mai shekara 15 da ke zaune a bencin baya zai yi lissafinsa daidai: wanda ya samu, Allah ya yi masa aminci; wanda ya rasa, an juya masa baya. Ɗanki ba lalacewa ya yi ba. Wa'azin da ya ji ne ya bi har ƙarshensa.

Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Kowa ya san labarin Bitrus a kurkuku: sarƙa biyu, sojoji a dama da hagu, mala'ika, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, Roda ta bar shi a waje don murna. To aya ta biyu fa? Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Layi ɗaya, an wuce. Sarki ɗaya ne, gari ɗaya, ikilisiya ɗaya. Yakubu na cikin mutum ukun nan da Yesu ya hau dutse da su, ya kuma shiga da su can cikin Getsamani, ba ɗan kallo ba ne. Luka bai ba da dalili ba ko na kalma guda. Akwai gidan da aka kwana ana murna, akwai kuma gidan Zabadi, mahaifin Yakubu. Ibraniyawa 11 ma haka take. Ta lissafa waɗanda ta wurin bangaskiya suka rufe bakin zakoki, suka tsere wa kaifin takobi, mata suka karɓi matattunsu da rai, sai a tsakiyar aya ta 35 ta juya ba ko jan numfashi: waɗansu kuwa aka azabtar, aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi. Dukansu aka yaba wa bangaskiyarsu. Ba a raba su aji biyu ba, masu bangaskiya da masu rauni.

To mene ne amincin Allah, in ba shi ne ya ba mu abin da muka roƙa ba? Mai aminci shi ne wanda in ya faɗa yake cikawa. Sai a tambaya, me ya faɗa? Babu inda Allah ya yi wa wata mace alkawari mijinta zai kai furfura. Mutumin can ne ya yi wannan alkawari, ya buga hatimin Allah a kai. Abin da Allah ya faɗa da bakinsa shi ne a duniya za mu sha wahala, amma ba zai bar mu ba, ba zai yashe mu ba. Ya ce shi uban marayu ne, mai tsaya wa gwauraye. Ya ce mutuwa ba ta isa ta raba mu da ƙaunarsa ba, kuma a ranar ƙarshe zai ta da nasa. A kan waɗannan za ki riƙe shi, ki matsa masa kamar gwauruwar Luka 18 da ta hana alƙali sakat.

Na san abin da zuciyarki za ta ce: amma Baba, ai yana da iko, da ya so da ya warkar. Haka ne, ba zan yi miki wayo a nan ba. Yana da iko, bai yi ba, dalilin kuma bai miƙa wa kowa ba. Duk wanda ya zo miki da dalili a ƙunshe, ko fasto ne, ki gaishe shi ki wuce. "Allah ya fi mu bukatarsa," "an kira shi aiki ne a sama," maganganun zaman makoki ne, masu faɗa alheri suke nufi, amma ba su ga littafin Allah na asiri ba. Ayuba ya nemi dalili sura bayan sura. Da Allah ya amsa masa daga cikin guguwa, sura 38 zuwa 41, sai ya yi ta jera masa tambayoyi: ina kake sa'ad da aka kafa harsashin duniya, ka san lokacin da awakin dutse ke haihuwa, wa ke ciyar da 'ya'yan hankaka? Har littafin ya ƙare ba a gaya wa Ayuba abin da ya gudana a sura ta farko ba. Mu masu karatu mun sani, shi mai ciwon bai sani ba. Abin da ya samu shi ne Allah ya zo da kansa, har ya ce da can da kunne yake jin labarinsa, yanzu idonsa ya gani.

Ayar da aka fi jefa wa masu makoki ita ce Ishaya 55:8-9, inda Allah ya ce tunaninsa ba irin namu ba ne, kamar nisan sama da ƙasa haka hanyoyinsa suka fi namu. Yawanci da muryar "yi shiru, ba a tambaya" ake karanta ta. Ki ɗan ja baya zuwa aya ta 7. Maganar jinƙai ake yi, da gafara a yalwace ga mugun da ya juyo. Wato nisan da tunanin Allah ya ba namu, ta wajen alheri ya ba shi. Abin da ya ɓoye mana ba zai saɓa wa abin da ya nuna mana ba, abin da ya nuna kuwa shi ne Ɗansa a kan gicciye. Ranar Jumma'ar nan babu almajiri ɗaya da ya ɗaga kai ya dubi gicciyen ya ce, kai, Allah mai aminci ne. Warwatsewa suka yi. Biyu daga cikinsu a hanyar Imuwasu cewa suke, da mun sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila. Alhali a ranar da suke ganin kome ya rushe ne Allah yake cika alkawarin da annabawa suka daɗe suna jira.

Ke mai ba da waƙa ce, kin san ayar da muka fi rerawa a kan aminci: jinƙansa ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya, amincinsa mai girma ne. Kin taɓa duba inda take zaune? A tsakiyar Littafin Makoki take, 3:22-23, littafin da aka rubuta bayan sojojin Babila sun ƙone Urushalima da haikalinta wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu, a yunwar da ta sa mata suka dafa 'ya'yansu. A cikin surar nan ta uku mai maganar ya ce Allah ya kange shi, ya toshe addu'arsa, ya kakkarya masa haƙora da tsakuwa, ya lulluɓe kansa da gajimare don kada addu'a ta ratsa. Mutumin da ya ce amincinka mai girma ne ba daga sujadar godiya ya fito ba, a kan kango yake zaune. In hazo ya sauko sosai a watan Janairu, mai tsaye a Lamingo yakan duba wajen duwatsun Shere ya ga fari fat. Baƙo zai rantse babu dutse a wurin. Ɗan gari ba ya ganinsa shi ma, amma ya san inda yake. Ke ba baƙuwa ba ce a wurin Allah, 'yata.

Wani lokaci kuma amincin nan tsawonsa ya wuce ran mutum ɗaya. A Disamban 1893 samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar shigo da bishara ƙasashen nan namu. Zazzaɓi ya tsare Bingham a Legas. Sauran biyun suka shigo ciki, kafin 1894 ta ƙare duk sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida, ba su kafa ko ikilisiya ɗaya ba. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake korarsa. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Daga wannan aikin ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, ga hedikwatarta nan a Jos. Mahaifiyar Gowans ce ta tsaya wa tafiyar tun farko, ita ta jawo Bingham ciki, abin da ya dawo mata kuwa labarin mutuwar ɗanta ne. Ba na ba ki labarin nan ba ne don in ce ki jira, wani babban abu zai fito daga rasuwar mijinki har ki ce gara da aka yi. Ba a cewa gara da aka yi a kan mutuwa, Bulus abokiyar gāba ya kira ta. Abin da nake nufi kawai, wanda ke tsaye a 1894 ba shi da tudun da zai hau ya hango 1954. Ibrahim ma da aka yi wa alkawarin ƙasa sukutum, da matarsa ta mutu sai da ya auna shekel 400 na azurfa ya sayi kogon da zai binne ta.

Batun fushi. Fushin da aka kai gaban Allah aka zazzage masa, addu'a ce. Ki karanta Zabura 88. Yawancin zaburan kuka sukan juya zuwa yabo kafin su ƙare, wannan ba ta juya ba, a cikin duhu ta tsaya, kuma Allah ya bar ta a littafin waƙoƙin jama'arsa. Marta da Maryamu kowacce ta tari Yesu da magana ɗaya: Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Ƙorafi ne wannan, ba gaisuwa ba. Bai tsawata musu ba, hawaye ya yi, ko da yake ya san abin da zai yi a bakin kabarin. Shi kansa a kan gicciye "don me ka yashe ni" ya ce. Ni ba fushinki ke ba ni tsoro ba, gāba nake tsoro. Ki yi fushin, amma kada ki daina yi masa magana. In kalma ta ƙi fitowa, ki zauna kawai ki ce, ga ni. Romawa 8:26 ta ce Ruhu na yi mana roƙo da nishe-nishen da ba su faɗuwa, 2 Timoti 2:13 kuma ta ce ko mun kasa riƙe aminci shi yana nan da nasa, don ba ya musun kansa.

Waƙa kuwa ki bar ta ta huta. Ki gaya wa uwar zumunta gaskiya, ki ce a ba wata tukuna. Wata takwas ba wani lokaci ba ne ga wadda ta binne mijin ƙuruciyarta. Ki riƙa zuwa dai, ki ɗaura zanen zumuntarki ki zauna a baya, su buga tulu su kaɗa caki, ke ki saurara. In lokacin shaida ya yi miki nauyi, ki fita ki sha iska ki dawo lokacin wa'azi, ba wanda kika saɓa wa.

Yaron nan kada ki tsawata masa, kada kuma ki ƙirƙiro masa amsa, zai gane. Ki ce masa, "Ni ma na tambaya, ba a ba ni dalili ba. Amma babanka bai yi wani laifi ba, mu ma ba mu yi ba." Sai ku karanta Ayyukan Manzanni 12 tare, daga aya ta ɗaya. Ki hana mutane ce masa "yanzu kai ne maigida." Yaro ne da ya rasa uba, yana bukatar ya yi kukansa. Ki nemi wani namiji mai hankali cikin abokan babansa da zai riƙa jansa a jiki, domin saurayi mai baƙin ciki a garin nan, masu sayar da ƙwaya sun fi kowa saurin gano shi.

Takardun gida kada ki miƙa wa kowa. Ki yi musu hoto a wayarki, ki buga kwafi, na ainihin ki ajiye a wani wuri ba cikin gidan ba. Ki nemi takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sannan takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotu, da su ake bin haƙƙinsa na wurin aiki da abin da ke banki. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Ba da Agajin Shari'a suna taimaka wa mata irinki, ki neme su tun kafin magana ta yi tsami. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a daga jihar Anambra cewa al'adar da ke raba gwauruwa da gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba, ba ta da gurbi. In doka ta tsaya wa wadda ba ta da ɗa namiji, balle ke mai marayu huɗu a ɗaki. Amma kafin kotu, ki sa fasto da dattawa su kira manyan dangin a zauna, a yi magana a gaban shaidu. Sau da yawa mai tambayar takarda a ɓoye, in aka ce ya maimaita a gaban manya sai ya hau kame-kame.

Kuma ki gaya wa dattawan halin da kike ciki dalla-dalla, har da batun keken ɗinki da kuɗin makaranta. Ba bara ba ce. Mutum bakwai ɗin da aka zaɓa a Ayyukan Manzanni 6, saboda ƙorafin ana manta wasu gwauraye a rabon abinci aka zaɓe su. Yakubu 1:27 ya ce addini mai tsarki shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Dattawan da ke karanta wannan, da ku nake: Allah ya ce shi mai tsaya wa gwauraye ne, kuma sau da yawa ta hannunku yake so ya tsaya. Mutum ya yi muku hidima yana da rai, kun sa kwat kun yi jawabi a jana'izarsa, bai kamata matarsa ta kai wata takwas ba keke ba.

Ki je a auna miki jini ke ma, ki kuma sa a riƙa duba na yaran in sun girma, hawan jini yana bin gida. In barci ya ƙaurace miki, abinci ya ƙi shiga, ko kika fara jin gara ki bi shi, kada ki rufe, ki gaya wa wata aminiya ta raka ki wurin likita a ranar. Bayan zaman da dangin, ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da ƙanen mijin naki.